Warner Bros. World na Abu Dabi: yadda muka same shi da muka kai mahaifinmu bayan ya cika shekara 60

Warner Bros. World wurin shaƙatawa ne da ke tsibirin Yas a Abu Dabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda kamfanin Miral ya gina a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1, aka kuma buɗe shi a watan Yulin 2018. Duk abin da ke cikinsa, tun daga tituna da shaguna har zuwa abubuwan hawa, an ɗauko shi ne daga fina-finai da katun na kamfanin Warner Bros. na Amurka. Faɗinsa gaba ɗaya, wanda ya kai murabba'in mita dubu 153, yana ƙarƙashin rufi ɗaya ne mai na'urar sanyaya wuri, ta yadda zafin ƙasar Larabawa, da kan haura maki 40 a tsakiyar shekara, ba ya taɓa wanda ke ciki. An raba shi unguwanni 6, kuma abubuwan hawa da na kallo da aka buɗe shi da su 29 ne.

Mun tashi daga Gombe muka je can ne saboda mahaifinmu, wanda ya cika shekara 60 a duniya ya kuma ajiye aikin gwamnati a wata guda. Tare da shi akwai Hajiya mahaifiyarmu, da babbar yayarmu, da ni da maiɗakina, sai jikoki uku masu shekara 12 da 9 da 5. Na lissafa mu ne domin ra'ayina game da wurin ya rataya a kan wannan haɗin: ban san wurin wasan da ya fi shi dacewa da iyalin da suka haɗa kaka da jika ba, domin yawancin abubuwan da suka fi kyau a cikinsa dattijo da ƙaramin yaro suna iya zama kujera ɗaya su hau tare. Matashin da ke neman lilon da zai kaɗa masa hanta kuwa, wannan ba gidansa ba ne, maƙwabcinsa Ferrari World ya kamata ya nufa, inda jirgin Formula Rossa ke gudun kilomita 240 a awa.

A gidanmu ba a saba bikin zagayowar ranar haihuwa ba, kuma Baba ba mutumin da za a sa ya hura kyandir a kan kek ba ne. Abin da aka yi a Gombe shi ne walima da addu'a, 'yan uwa da tsofaffin abokan aikinsa suka taru aka gode wa Allah. Tafiyar ita ce tukuicin da mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi muka yi masa, kuma mun zaɓi wurin da ya shafi fim ne saboda mun san tarihinsa. Tun Gombe tana cikin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ba ta jiha a 1996, shi ɗan sinima ne, na Indiya da na Canis da na kaboyi duk bai bar ko ɗaya ba, kuma har gobe idan jikokinsa suka kunna Tom and Jerry yakan ajiye jarida ya zauna a kalla da shi. Da farko Bollywood Parks na Dubai muka so kai shi, wurin da aka gina a kan fina-finan Indiya, wanda da ya fi kowane kusa da zuciyar Bahaushe. Sai dai an rufe shi tun watan Afrilun 2023, kuma a filinsa ne aka buɗe Real Madrid World a 2024. Ina faɗin wannan ne saboda ejan ɗin da ya shirya mana tafiya ya kawo mana takardar farashi da sunan wurin a ciki, tamkar yana nan yana aiki, sai da yayarmu ta bincika a intanet sannan ya janye shi ba tare da ya ce uffan ba.

Hanyar ba gajera ba ce. Daga filin jirgin Lawanti muka tashi zuwa Abuja, daga can muka bi ta Adis Ababa muka sauka Dubai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ba a dawo da ita ba sai watan Yulin 2024, kuma sharuɗɗanta sukan sauya, don haka kada a biya kuɗin jirgi sai biza ta fito. Ejan ɗin ya sauke mu a wani otal a unguwar Deira, inda 'yan kasuwarmu suka saba sauka, yana cewa wurin wasan yana nan kusa. Tsakanin Deira da tsibirin Yas ya haura kilomita 100, tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota idan hanya ta yi kyau, kuma a komo da dare da yara a gajiye ta fi haka nauyi. Wanda wannan wurin ne babban dalilin zuwansa, ya kwana a Yas ko a cikin Abu Dabi. Akwai otal mai suna The WB Abu Dhabi daf da ƙofar wurin, an buɗe shi a 2021, akwai kuma wasu a tsibirin, sannan motocin Yas Express suna zagaya manyan wuraren tsibirin kyauta.

Da an wuce ƙofa, dandalin farko da ake shiga shi ne Warner Bros. Plaza, wanda aka gina da fasalin Hollywood ta zamanin da, da gine-gine masu dogayen ginshiƙai da fitilu, da wuraren cin abinci da shaguna a kewaye. Daga nan ne hanyoyi suke rabuwa zuwa sauran unguwanni biyar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne rufin. An yi masa zanen sararin sama da gizagizai, an kuma haska shi ta yadda ido ke yarda cewa a waje ake, kuma kowace unguwa da irin nata sama: wata rana tsaka, wata almuru, wata dare. Wannan gwaninta ce, amma tana da abin da ya kamata Musulmi ya lura da shi. Mun daɗe muna yawo sai na ga Baba ya tsaya ya ɗaga kai yana duban sama, irin yadda ya saba auna lokaci a tsakar gida, sannan ya juyo ya ce mini, "Kai, wannan ranar tasu ba ta motsi. Duba mana agogo, ina jin azahar ta yi." Ta yi kuwa, har ta ɗan gota. A cikin wurin babu taga, babu inuwar da ke karkata, saboda haka a saita ƙararrawar waya a kan lokutan sallar Abu Dabi, a kuma tuna cewa agogonsu yana gaban namu da awa 3. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata da wurin alwala mai tsabta, kuma da yake mu matafiya ne mun yi ƙasaru muka haɗa azahar da la'asar, abin da ya sauƙaƙa mana sauran yinin.

Unguwar da muka fi daɗewa a cikinta, wadda kuma nake ganin ita kaɗai ta biya kuɗin tikitin Baba, ita ce Cartoon Junction, gidan Tom and Jerry da Bugs Bunny da Scooby-Doo. Gine-ginenta a karkace suke da gangan, launukansu masu haske, babu bango ko taga da ta miƙe sosai, kamar yadda ake zana su a katun. Abin hawa na Tom and Jerry, mai suna Swiss Cheese Spin, ƙaramin jirgi ne a kan layin dogo wanda kujerunsa ke jujjuyawa yayin da yake hawa da gangara. Tun a layin jira ake fara wasan, domin ana bi da mutum ne ta cikin gidan da kyanwar da ɓeran suke faɗansu, kayan ɗaki suna ƙara girma har mutum ya ji shi ne ya koma girman ɓera. Ma'aikaciyar da ke ɗaure mutane a kujera ta yi wa Baba nuni da hularsa cikin ladabi, ni kuma na ce, "Baba, a kawo hular in riƙe, kada iska ta ɗauke." Ya cire zanna bukar ɗinsa ya miƙo mini, abin da ba ya yi a bainar jama'a, ya zauna kusa da jikanyarsa mai shekara 9, wadda yake kira amaryarsa. Da jirgin ya dawo, ita ce ta ƙanƙame hannunsa ta rufe ido, shi kuma yana dariya har da ƙwalla, yana ce mata, "Amarya, ashe haka kike da tsoro? To na fasa auren." Jirgin yana da ɗan sauri kuma yana juya kai, amma ba ya kifa mutum, kuma kafin jiri ya kama an iso.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa wannan unguwar ta fi shiga ran mutanenmu. William Hanna da Joseph Barbera sun ƙirƙiri Tom and Jerry ne a 1940 a kamfanin MGM, sai a 1996 mallakarsa ta koma hannun Warner Bros., kuma tun asali wasa ne da kusan babu magana a cikinsa, gudu ne da tarko da duka. Hajiya ba ta jin Turanci sosai, amma babu abin da ya wuce ta a nan. A sauran unguwannin kuwa labarin yana cikin maganar da jarumai ke yi da Turanci cikin sauri da ƙarar kiɗa, wanda bai ji ba sai dai ya kalli haske da motsi.

Sauran biyun da suka cancanci layi a wannan unguwa su ne Scooby-Doo: The Museum of Mysteries da Ani-Mayhem. Na farkon mota ce da ke ratsa ɗakunan wani gidan tarihi mai duhu, kuma ba a kan layin dogo take tafiya ba, kwamfuta ce ke sarrafa ta, shi ya sa takan juya ko ta ja da baya ba zato. Tsoratarwar cikinsa ta wasa ce, ko mai shekara 5 ya jure ta. Na biyun kuwa gasa ce: ana ba kowa wata na'ura mai kama da wadda ake duba farashin kaya da ita a manyan shaguna, mota tana tafiya mutum yana haska akwatunan da ke fitowa a allo, a ƙarshe a nuna makin kowa. Hajiya, wadda ta shiga da sharaɗin cewa rakiya kawai ta yi, ita ta fi kowa maki a motarmu, kuma ta nemi a sake zagayowa. Akwai ƙananan lilo na yara ƙanana da wurin hawa da sauka mai raga, inda manya za su zauna su huta suna kallonsu.

Bedrock, unguwar The Flintstones, ƙarama ce, an yi ta da siffar gidajen duwatsu na mutanen zamanin farko. Abin hawanta guda ne, kwalekwale da ke bin wani rafi a hankali yana wuce mutum-mutumi masu motsi, sannan ya hau tudu ya gangaro cikin ruwa. Wanda ya zauna a gaba zai jiƙe, kuma jiƙewa a wurin da sanyin na'ura ke busawa ba daɗi gare ta ba, musamman ga mai atamfa ko shadda da ba ta bushewa da wuri. A bar shi sai an kusa tafiya, ko a zo wa yara da rigar canji. Ko ba a jiƙe ba ma, dattijo ya riƙe rigar sanyi mara nauyi, domin bayan awanni a ciki sanyin yakan shiga jiki.

Kusa da ita akwai Dynamite Gulch mai siffar hamadar Amurka da jajayen duwatsu, irin wadda Baba ya sani a fina-finan kaboyi. Babban abin hawanta, Fast and Furry-ous, jirgi ne da kujerunsa ke rataye a ƙarƙashin layin dogo, ƙafafun mutum suna reto a iska. Baba bai hau shi ba. A ƙofar kowane abin hawa akwai allo da ke bayyana tsawon da yaro zai kai kafin a bar shi, da gargaɗi ga masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon baya da mata masu juna biyu, kuma da yake yana shan maganin hawan jini mun bi abin da allon ya ce. Ma'aikatan suna auna yara da ma'auni a ƙofa, ba sa kuma ɗaga ƙafa ko da yaro zai yi kuka, abin da na yaba musu a kai duk da cewa autanmu ne ya sha kukan. Mata masu gyale ko hijabi mai faɗi su tanadi abin da za su tattare shi da shi, maza kuma kaftani ko riga da wando sun fi babbar riga sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗaya ɓangaren wurin na jaruman kamfanin DC ne, wato Metropolis, birnin Superman, da Gotham City, birnin Batman. Metropolis tana da dogayen gine-gine irin na manyan biranen Amurka, da ofishin jaridar Daily Planet, sama kuma ta yi jajajan almuru. Abin da ya fi kyau a cikinta shi ne Green Lantern: Galactic Odyssey. Ana zaunar da mutane a jere a ɗaure su, sai a tura kujerun gaba su rataya a gaban wani ƙaton allo mai siffar ƙwarya wanda ya cika ido ta kowane gefe, kujerun suna karkata daidai da abin da ake nunawa, iska tana bugun fuska, har mutum ya ji lallai tashi yake yi a sararin samaniya. Motsin na gaskiya kaɗan ne, ido ne ake yaudara, don haka ya dace da dattijon da ba ya son a girgiza shi, kuma wanda ya ji jiri ya rufe ido kawai abin ya lafa. Justice League: Warworld Attacks mota ce da ake sa tabarau na musamman a hau, tana tsayawa gaban alluna ana gwabza faɗa, ta fi Green Lantern jijjiga da ƙara. Superman 360 kuwa kallo ne da ake yi a tsaye cikin zagayayyen ɗaki, kuma ga wanda ƙafarsa ta riga ta gaji, shi ne abin da za a iya tsallakewa ba a yi asara ba.

Gotham City ita ce unguwar da aka fi zuba gwaninta wajen gina ta, ita ce kuma wadda ta fi ƙarancin dacewa da ƙananan yara. Dare ne a cikinta kullum, da tsofaffin gine-gine masu baƙin bango, da fitilu masu lumshewa, da dariyar Joker, abokin gaban Batman, tana fitowa daga lunguna. Autanmu ya yi tsuru-tsuru tun daga bakin unguwar, sai Hajiya ta koma da shi wajen katun. Batman: Knight Flight shi ne abin hawan da ya fi kowane ƙarfi a wurin a ganina. Kujerun suna maƙale ne a bakin wani ƙaton hannun ƙarfe irin na masana'antu, hannun yana tafiya yana ɗaga mutane yana kwantar da su yana karkata su, kamar hatsin da ake bakacewa a faifai, yayin da ake ratsa gine-gine na gaske da alluna. Babban jikan mai shekara 12 ya ce shi ne gwarzon ranar. Ni na yarda an ƙware wajen ƙera shi, amma ban ba Baba shawarar hawa ba, shi ma da ya ga yadda na fito ina dafa bango bai nemi hawa ba. The Riddler Revolution da Scarecrow Scare Raid lilo ne masu juyi, na biyun har da kifa mutum, kuma alherinsu shi ne a fili suke, ana ganin abin da suke yi wa mutane kafin a yanke shawara. The Joker Funhouse da ƙafa ake ratsa shi, akwai madubai masu ruɗarwa da daɓen da ke motsi, bai dace da mai ciwon gwiwa ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa mai karatu na gida tun kafin ya kashe kuɗinsa. Wurin cike yake da mutum-mutumi da kiɗa, da ma'aikata sanye da kayan Bugs Bunny da Batman da sauransu suna ɗaukar hoto da baƙi. Hajiya ba ta yarda ta ɗauki hoto da ko ɗaya ba, babu kuma wanda ya matsa mata. Baba kuwa ya tsaya tsakanin kyanwa da ɓeran an ɗauke shi, ya ce a tura wa abokansa na majalisa. Wanda irin wannan ke damunsa ya san da shi tun daga gida. Ta fuskar sutura babu takura: Larabawa masu abaya da jallabiya sun cika wurin da iyalansu, ga Indiyawa ga Turawa ga 'yan Afirka, kuma ba wanda ya kalli hijabin matanmu sau biyu. Ma'aikatan daga ƙasashe daban-daban suke, suna da fara'a da haƙuri da dattawa. Ana ba da hayar keken tura marasa lafiya da na jarirai da akwatunan ajiyar kaya kusa da ƙofa, kuma ƙasan wurin a shimfiɗe yake, ga kujerun hutawa a ko'ina, abin da ya sa mai shekara 60 ya yini yana yawo bai nemi a mayar da shi otal ba.

Abincin halal ne, amma irin na Turawa ne mafi yawa, boga da fiza da soyayyen dankali da kaza, kuma ba a shiga da abincin waje. Yara sun ji daɗinsa. Baba ya ci kazarsa ya sha shayi ya ce Alhamdu lillahi, daga baya kuma ya tambayi inda za a samu shinkafa. Shawarata ita ce a karya da abu mai nauyi kafin a fito, a ci abu kaɗan a ciki da rana, sannan a yi cin dare a Yas Mall da ke kusa, inda akwai gidajen abincin Larabawa da na Indiya masu shinkafa da nama. Game da kuɗi kuwa, a sani cewa dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi kai tsaye take bayyana a farashin kwalbar ruwa da kofin askirim. Mai lissafa kowane abu da naira a ransa ba zai ji daɗin yinin ba. Gara a ware kuɗin ranar tun daga gida, a ɗauka an riga an kashe su. Yawancin abubuwan hawa ta cikin shago ake fitowa daga gare su, da 'yan tsana da riguna da kofuna a daidai tsawon idon yaro, kuma yayarmu ce ta kashe wannan wutar da doka ɗaya, cewa kowane yaro tsaraba ɗaya zai zaɓa, kuma sai an zo tafiya.

Ranar da aka zaɓa ta fi kowace dabara tasiri a kan tsawon layi. Tun watan Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a ƙasar ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Mun je a tsakiyar mako, makarantunsu ba sa hutu, kuma mun shiga da buɗe ƙofa, sai ya zama yawancin layukan ba su wuce na 'yan mintuna ba. Akwai ƙarin tikiti mai suna Flash Pass da ke ba mutum damar tsallake layi, amma a irin wannan rana sayensa ɓarnar kuɗi ce. Wanda dole ta sa ya je ranar Asabar ko lokacin hutun salla, ga shi da dattijo, shi ne zai amfana da shi. Yini ɗaya ya ishi mutum ya ga wurin duka har ya maimaita abin da ya burge shi. Ana sayar da tikitin haɗaka da ya ƙunshi sauran wuraren tsibirin, wato Ferrari World da Yas Waterworld da SeaWorld da aka buɗe a 2023, kuma ya fi araha idan za a shiga biyu ko uku, sai dai kada a haɗa biyu a rana ɗaya idan akwai tsoho ko ƙaramin yaro a tafiyar. Masu shirin zuwa nan gaba su san cewa a 2022 an sanar da ƙara unguwar Harry Potter a wurin, sannan a watan Mayun 2025 kamfanin Disney ya sanar da gina nasa wurin a wannan tsibiri.

Da yamma aka koma dandalin farko domin wasan da ake kira Cinema Spectacular, inda ake rage fitilu a haska majigi a jikin gine-gine da rufi baki ɗaya, ana nuna gutsattsarin fina-finan kamfanin, wanda 'yan uwa huɗu suka kafa a 1923. A nan muka samu tebur muka zauna, kuma shi ne iyakar bikin da muka yi wa Baba a wurin: babu kek, babu waƙa, shayi ne da askirim na yara, yayarmu ta yi masa addu'ar ƙarin lafiya da nisan kwana muka shafa. Ya gane wasu fuskokin tsofaffin 'yan wasa da suka gifta a bango, yana nuna wa jikokinsa yana ba su labarin yadda ake turereniya a ƙofar sinima a zamaninsu, su kuma rabin hankalinsu yana kan shagon da aka yi musu alkawari. Wasan gajere ne, kuma an fi ganinsa daga tsakiyar dandali, don haka a kama wuri kafin a fara.

Idan aka auna kuɗin jirgi daga Gombe da biza da otal na mutum takwas, tikitin shiga wurin ƙaramin kaso ne na abin da tafiyar ta ci, shi ya sa ba zan ce wa kowa ya taso daga gida saboda wannan wuri kaɗai ba. Ya fi dacewa a matsayin yini ɗaya cikin tafiyar da ta ƙunshi wasu abubuwa, kamar ziyarar Masallacin Sheikh Zayed da ke Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2007 kuma shigarsa kyauta ce, ko ga ɗan kasuwar da ya riga ya saba zuwa Dubai yake son ya tafi da iyalinsa sau ɗaya. Kafin a tafi, a nuna wa yara da iyaye katun ɗin da wurin ya ƙunsa, domin jin daɗinsa ya dogara ne ƙwarai a kan sanin su wane ne ake gani. Tikitin kuma a saye shi kai tsaye daga shafin wurin na intanet. Namu ta hannun ejan ya biyo, a dunƙule cikin kuɗin tafiya, sai da muka ga farashin da aka rubuta a ƙofa muka gane abin da ya ɗora a kan kowane mutum ɗaya. Wanda ya zama dole ya bi ta hannun ejan, ya nemi a rubuta masa kuɗin tikitin daban, da dirhami, da ranar da aka yanka shi dominta.